Shekarar da Pam Ya Tafi Teku Shi Kaɗai

Maryam, ke ce kika sa na zauna rubuta wannan. Ranar bikin yayanki Nasiru na ji gwaggonku Asabe tana nuna ki ga baƙi tana dariya, wai ga yarinyar da ta hana babanta zuwa teku. Kin yi murmushi saboda idon mutane, amma na ga yadda kika miƙe kika shiga kicin ba wanda ya aike ki. Nasiru da yayarki A'isha kuma sun taso da nasu zancen, wai marigayiya Ummanku ce ta ɗaure ni a gida. Duka biyun ba haka aka yi ba. Tunda Allah ya ara mini kwana, gara ku ji daga bakina.

A ramukan kuza na koyi iyo. Kakanku ya yi aikin haƙar kuza tun yana saurayi, kuma da kamfanonin suka tattara suka tafi, sai suka bar mana ramuka masu zurfi a bayan gari, ruwan sama ya cika su, kore shar, ga sanyi mai ratsa ƙashi. An hana mu zuwa, mun sha bulala a kai, amma ba mu fasa ba. Keke kuwa sai da na zama saurayi na shige shi, kuma a wurin tseren keke na haɗu da Pam. Kun san shi da Baba Pam, mai kawo muku dankali da kabeji daga gonar ƙanensa. A lokacin siriri ne kamar sanda, idan ya miƙe a kan feda a hawa ba mai kama shi. Ni ina unguwar Gangare, shi yana Anguwan Rukuba. Muka yi aure kusan lokaci guda, na buɗe kemis ɗina a Kwararafa, shi ya kama aikin injiniyan ruwa, kekunan suka koma jingine a bango suna tsatsa.

Mun haura arba'in lokacin da ofishinsu ya tura shi kwas Afirka ta Kudu, wani gari a bakin teku. Da ya dawo, ko gida bai zauna ba ya zo shago. Ya ja benci, ya ƙi shan lemon da na sa aka kawo masa.

"Iro, na ga mahaukata," ya ce. "Kuma ina so mu zama cikinsu."

Ashe ya tarar da wata gasa a garin, ya yini a bakin hanya yana kallo, washegari kuma ya ari keke ya bi hanyar da suka bi. Gasa ce mai kashi uku a yini ɗaya: iyo a teku kusan kilomita huɗu, a fito a hau keke kilomita ɗari da tamanin, a sauka a yi gudu kilomita arba'in da biyu. Na yi dariya har mai jiran magani ya juyo yana kallona. Pam bai yi dariya ba. Ya ce ya ga tsoho mai furfura ya gama, ya ga mace mai jikoki ta gama. Sai ya fara ba ni labarin hanyar, kuma tun daga ranar ban ƙara zama daidai ba.

Ya ce da asuba ake taruwa a kan yashi, mutane fiye da na kasuwa, kowa cikin baƙar rigar roba mai kama jiki saboda sanyin ruwa. Ana buga bindiga sai kowa ya ruga cikin teku lokaci guda, kuma mintocin farko ba iyo ake yi ba, kokawa ce: wannan ya shure ka a baki, wancan ya hau bayanka, igiyar ruwa ta ɗaga ka ta maka. Ruwan gishiri ne, idan ka haɗiya da yawa cikinka zai juya. Babu layi a ƙasa da za ka bi, sai wasu manyan balan-balan masu launin lemo can nesa, dole ka riƙa ɗaga kai kana neman su, in ba haka ba ka yi ta iyo zuwa inda ba gasar. Idan ka fito, ƙafafunka za su yi kamar ba naka ba. Ka ruga tanti, ka nemi jakarka, ka sauya kaya, ka ɗauki keke. A kan keke kuma, in ji shi, tudu ba zai dame mu ba, mu da muka tashi a Filato. Iska ce abokiyar gaba. Tana tasowa daga teku da hantsi, idan ka juyo kana fuskantarta sai ka ga kana taka feda kamar a cikin taɓo. An hana ka laɓe a bayan wani ya tare maka iska yadda muka saba a tsere, akwai alƙalai a kan babur suna zagayawa. Akwai rumfuna a hanya inda ake miƙo ruwa da ayaba, kuma wanda bai ci ba tun yana jin ƙarfi, zai gane kurensa a wajen gudu. Gudun kuwa zagaye ne ake maimaitawa, sai ka wuce ta gefen wurin gamawa kana jin ana kiran sunayen waɗanda suka gama, kai kuma da sauran tafiya a gabanka. Kowane kashi da lokacin rufewarsa. Idan ka makara, ko da minti guda ne, za a dafa kafaɗarka a ce ka tsaya.

Na tambaye shi sallah fa. Ya ce wannan ni zan nemo amsarta. Na je wurin limaminmu, ya saurare ni yana shafa gemu, ya yi mini bayanin rangwamen da aka yi wa matafiyi, sannan ya ce shi dai bai taɓa jin tafiyar da mutum zai yi ta da gudu ya dawo inda ya tashi ba.

A gida, kakarku Inna ce ta fara magana. Ba ta iya kiran sunan Pam daidai, Fam take ce masa.

"Wa yake bin ku ne, kai da Fam? Mutum da iyalinsa ya tsuke cikin gajeren wando yana gudu a titi? Me zan ce wa mutanen unguwa?"

Yaya Asabe ta ce asiri aka yi mini. Ummanku tana tankaɗen gari, sai da suka watse ta ɗago kai.

"Baban Nasiru, tun da na aure ka ban ga idonka ya yi irin wannan hasken ba. Ka gyara keken."

Ku riƙe wannan. Ita ce ta fara cewa in yi.

Mun fi shekara muna shiri. A lokacin rikicin addini ya riga ya raba gari, kowa ya san inda ƙafarsa take tsayawa. Ni ba na shiga unguwarsu da sassafe, shi ma ba ya shigowa tamu, sai muka mayar da wani gidan mai a hanyar Bukuru mahaɗarmu. Ina idar da sallar asuba in hau keke, in tarar da shi yana tsalle-tsalle saboda sanyi. Mun bi hanyar Vom, mun bi ta Miango, mun zagaya Riyom tsakanin duwatsun nan da suke ɗore a kan juna. Ranar Asabar mukan gangara Hawan Kibo har ƙasa don kawai mu juyo mu hau shi, direbobin manyan motoci suna leƙowa suna yi mana ihu. Akwai wuraren da idan mun tsaya shan ruwa shi ne mai magana, ni in yi shiru, akwai kuma inda ni ne mai magana. Ba mu taɓa zama mun tsara haka ba. Idan lokacin sallah ya same mu a hanya, ya riƙe kekuna biyu a gefen titi har in sallame.

A keke ya fi ni, a gudu mun yi kunnen doki. Matsalar ruwa ce. Injiniyan ruwa guda, amma idan ya shiga rami sai ya daddage kamar an jefa katako. Na koya masa numfashi, na koya masa shimfiɗa jiki, ya iya daidai gwargwado. Abin da ya kasa shi ne ɗaga kai ya duba gaba. Da ya ɗaga sai tsoro ya kama shi, ƙafafunsa su nutse. Sai muka samo dabara: ni in shiga gaba, shi ya bi kumfar ƙafata, ba ruwansa da duba hanya. A iyo ba a hana bin bayan wani ba. Haka muka yi ta zagaya ramin nan, masu wankin mota a bakin ruwa suna mana dariya, har muka kai muna cika nisan da ake so da sauran lokaci a hannu.

"Oga Iro, kai ne idona a ruwa," yakan ce idan mun fito muna karkarwa. "Ka fitar da ni daga teku kawai. Sauran ka bar mini."

Ummanku ce take dafa mana dankali da gishiri ta ƙulla a leda, ta ɗinka wa rigunanmu aljihu a baya. Takan sa in zauna in maimaita mata hanyar gasar tana tsinke zogale, har ta haddace. Wani lokaci in na yi kuskure ita ke gyara mini, ta ce a'a, ba a nan iskar take juyowa ba. Ita ma ba ta taɓa ganin teku ba. Ta ce in na je in kalle shi da kyau, don tana da tambayoyi.

Cikinki, Maryam, ya zo mana bayan mun fid da rai da sake haihuwa. Murna muka yi, kada wani ya gaya miki akasin haka. Amma da cikin ya tsufa sai ƙafafun Ummanku suka kumbura, kanta ya riƙa sarawa, wata rana da hantsi tana shanya ta ce tana ganin wasu taurari. Ni mai sayar da magani ne, na san abin da wannan yake nufi. Na auna jininta da kaina, na sake aunawa, sannan na nemo mota. Likita ta kwantar da ita, bayan kwanaki ta sallame mu da sharaɗin hutu da awo kullum. Na bi likitar har baranda na tambaye ta gaskiya. Ta ce mai yiwuwa a kai lokacin haihuwa lafiya, mai yiwuwa kuma abin ya tashi a yini guda, ba wanda zai iya ce mini ga ranar. A lokacin takardun tafiyarmu sun fito, kekuna suna cikin kwali, saura 'yan makonni.

Gidan ya cika da ra'ayi. Inna, wadda ta yi shekara tana yi mini faɗa, sai ga shi ta ce in tafi, ai haihuwa ba aikin maza ba ce, ga ta ga Asabe. Yaya Asabe ta ce in na sa ƙafa na fita, ita ba ruwanta da ni. Ummanku ta kira ni ɗaki da rana, tana jingine da filo uku.

"Mako ɗaya ne fa. Ka tafi ka dawo, ina nan inda ka bar ni."

"In kuma ba ki nan fa, Bilki?"

"To zamanka ne zai hana? Kai ne Allah?"

"Ba ni ba ne. Amma ni na san awon, ni na san hanyar asibiti idan an rufe titi."

Sai ta ce abin da har yau yake dawo mini.

"Ba na so ka riƙa kallona nan gaba kana tuna abin da na hana ka."

Na ce mata ba ita ta hana ni ba, ni na hana kaina. Ta juya fuska bango ta yi kuka, kuma ba kukan ciwo ba ne, haushina take ji. Yini biyu ba ta yi mini magana mai daɗi ba.

Gaya wa Pam ya fi wuya. Na same shi a gidan man nan, na zo a ƙafa ba keke, yana ganina ya gane. Ya saurare ni har na gama. Ya tambayi jikin Madam, ya ce zai sa a yi mata addu'a a cocinsu. Sannan ya daɗe yana murza birkin kekensa.

"Ruwan fa, Iro?"

Na ce masa ya iya, ya nemi wani mai tafiya daidai da shi ya bi ƙafarsa. Ya gyaɗa kai. Mu duka mun san ba haka abin yake da sauƙi ba. Na ce ko zai bari sai baɗi mu tafi tare. Ya ce ofis ba za su sake ba shi hutu irin wannan ba, kuma gwiwarsa ta fara yi masa magana. Ya tafi shi kaɗai.

Ga abin da mutane suke riƙewa su yi dariya: a makon nan babu abin da ya faru. Ko kaɗan. Jinin Ummanku ya zauna lafiya lau. Ranar gasar ina zaune a bakin gadonta ina ɓare mata lemo, idona a kan agogon bango. Na ce a raina yanzu suna kan yashi. Yanzu an buga bindiga. Yanzu ya kamata ya kai balan-balan na farko. Ita ma agogon take kallo. Da hantsi ya yi ta ce, "Yanzu iska ta taso musu." Ke kuma ba ki zo ba sai bayan kusan wata guda, aka yi aiki aka ciro ki, ke da ita lafiya. Da na tafi, da na je na dawo har na huta. Yaya Asabe ma da bakinta ta faɗa.

Pam bai kira ba ranar, bai kira washegari ba. Sai da ya dawo ya zo shago, ya zauna a bencin nan, ya rame, wuyansa duk sawun gogar rigar roba. Ya ce da aka buga bindiga ya shiga da kyau. Ya sami ƙafar wani ya bi, sai mutumin ya ɓace masa a cikin turmutsutsu. Ya ɗaga kai, bai ga balan-balan ba, bai ga gari ba, sai ruwa yana tashi yana sauka. Ya sha gishiri har ya yi amai. Masu ƙananan jirage suka riƙa nuna masa hanya, ya karkace, su dawo da shi, ya sake karkacewa. Bai daina ba, ya iyo har ƙafarsa ta taɓa yashi. Yana fitowa wata mata ta dafa kafaɗarsa ta ce lokaci ya wuce.

"Na ga kekena, Iro. Shi kaɗai ya rage a wurin, yana rataye. Ko taɓa shi ban yi ba sai da yamma da aka ce mu kwashe kaya."

Bai ce laifina ba ne, ko sau ɗaya. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ya zo sunanki har cikin Gangare, a lokacin da ba kowa ke yin haka ba, ya ɗauke ki ya sa miki albarka. Amma mun daina haɗuwa a gidan mai. Ni ga jaririya ga mai jego da ba ta gama warwarewa ba, shi kuma ya koma wurin wani mai koyar da iyo a wani otal, ya fara daga farko, yana koyon ɗaga kai da kansa. Mukan gaisa a waya. Na ce baɗi zan koma, baɗin ta zo Inna ta kwanta ciwonta na ajali, wata baɗin kuma bayana ya riƙe. A hankali na daina cewa baɗi.

Ina so ku fahimci abu biyu, kuma kada ku jefar da ɗaya don ku riƙe ɗaya. Da za a mayar da ni wannan makon, da sanin da nake da shi a lokacin, zama zan sake yi. Ban taɓa kallon Ummanku ko ke, Maryam, na ga abin da aka hana ni ba. Amma kuma ba zan yi muku ƙarya in ce abin ya fita daga raina ba. Har yau idan na ji iska ta bugi fuskata a kan hanyar Bukuru, sai in ji ƙafata tana neman feda. Na san hanyar gasar nan kwana-kwana, na san inda zan ci ayaba, na san inda zan rage gudu, hanyar da ban taɓa takawa ba. Mutum yana iya yin daidai kuma ya yi ta kewa har tsufansa.

Bayan wasu shekaru Pam ya koma. Bai gaya mini zai tafi ba, a bakin matarsa na ji. Wata Litinin da safe ina shago, Ummanku ta kawo mini kunu ke kina riƙe da gefen zanenta, sai waya ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Muryarsa ta dishe kamar ta mai mura.

"Iro, na gama. Da duhu na shigo, ina tafiya kamar agwagwa, amma na gama. Sun kira sunana."

Na ce alhamdu lillahi, ina ta maimaitawa. Na tambaye shi ruwan fa. Ya ce ya ɗaga kai ya ga balan-balan, ya sake ɗagawa ya sake gani, har ya fito. Sannan ya ce in tsaya, kada in kashe, yana gangarawa bakin teku ne. Na ji numfashinsa, na ji yana cije baki saboda ciwon ƙafa.

"Madam tana kusa? Kira ta. Ku saurara."

Ya daina magana. Sai wani ƙugi ya cika wayar, ya taso daga nesa ya yi ƙarfi ya fashe, ya ja da baya da wani irin shuu, kafin ya gama ja wani ya sake tasowa. Ummanku ta ajiye kwanon kunu ta matso, muka haɗa kai a kan wayar, kunnena a sama nata a ƙasa. Mutum biyu suna tsaye a gaban kanta da takardar magani a hannu, ba wanda ya kula su. Ta riƙe hannuna da ƙarfi.

"Haka yake yi kullum?" ta tambaya a hankali. "Ba ya hutawa?"

Na ce mata ban sani ba. Muka ci gaba da saurare har layin ya yanke.